Dardumar Minista

Shekara shida na yi ina yankan ciyawa a wani gida a Sedgefield, can ƙasar waje, kafin na san mai gidan ya taɓa zama minista a Iran. Ni na ɗauka tsohon makanike ne, don kullum hannunsa da baƙin mai. 'Yarsa ce ta ba ni labari. Da haƙar rijiyoyi ya fara yana injiniya, ya shiga majalisa, aka ba shi ma'aikatar ruwa. Da aka matsa masa ya karkatar da bututun ƙauyuka zuwa gonakin manya, sai ya ajiye makullin ofis ya fito. Ni kuwa da na tsaya aji uku, ko monita ban taɓa yi ba, ga ni muna shan shayi tebur ɗaya.

Wata Asabar na ga wata 'yar darduma a falonsa, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta yi kyau."

Ya dafa ƙirji. "Taka ce, Haji."

Na naɗe abata, na yi godiya, na jefa bayan mota. A garinmu ƙin kyautar babba rashin kunya ne.

Washegari 'yar ta bugo mini waya, tana dariyar yaƙe. "Haji, a wurinmu in an ce taka ce, ƙi ake yi, har sau uku. Matan wani ƙauye ne suka saƙa wa Baba ita da famfo ya fara zuba a garinsu. Ita kaɗai ya fito da ita daga ƙasar. Tun jiya yake kallon inda take a da."

Lokacin mai ɗakina ta riga ta shimfiɗa, har ta kira Hajiyoyin unguwa kallo. Daga ƙarƙashinsu na janye ta.

Da na kai masa ya ƙi karɓa. Na yi ta miƙawa ina ƙirgawa a zuci har sau uku, na sake miƙawa, ya sake ƙi.

"Ranka ya daɗe, an wuce uku fa."

"Haji, na sa hannu a takardu da yawa, ban taɓa janye ko ɗaya ba. Bakina ma haka yake."

Na sosa ƙeya. Na ce to, tawa ce, na yarda, amma gidana cike yake da jikoki masu ɓarin koko, don haka ajiya zan ba shi. Ya tambaya yaushe zan karɓa. Na ce sai na nema.

Da gwiwarsa mai ciwo ya durƙusa ya shimfiɗa ta da kansa, yana bin gefunanta da tafin hannu.