Ghassen, Wa Ya Ɗauke Ka?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, sha huɗu ga Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ghassen Mejri a bayan wani tsohon gidan matse man zaitun a wajen garin Nabeul, inda aka kwana rawa. Shekararsa ashirin da shida. An ce ko kiɗan ba a tsayar ba.

Ghassen, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ba zan mai da kai waliyyi ba, ƙwayar da muke haɗiya kai ma ka haɗiya. Amma kai ne mai yawo da jarkar ruwa cikin masu rawa, kana dungurin mutane, har da ni. "Ke Sirine, raƙuma ce ke? Sha ruwa, dalla!" Gari na wayewa ka tasa mu gaba zuwa wurin mai lablabi, wato romon wake mai zafi, ka tsaya a kanmu sai mun cinye.

Shekara biyu ke nan da na yanke jiki na faɗi. Kowa ya ce kada a kai ni asibiti, 'yan sanda za su zo su auna fitsarin duk wanda ya rako ni. Ka saɓa ni a kafaɗa ka ce, "Su auna mana, dama a matse nake." Na rayu. Kai kuwa ka yi shekara guda a kurkuku, ka fito ba ka taɓa yi mini gori ba.

Da taka faɗuwar ta zo, ina garin Sfax wurin aiki. Sai abokan rawarmu suka yi abin da aka saba: suka ja ka inuwa, suka ɗura maka madara, suka ce ƙwayar za ta sake ka. Waya a hannun kowa, mota a ko'ina. Tsoro ya hana. Ina jin haushinsu har ba na iya barci, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya.

Wurin zaman makoki mahaifiyarka, Inna Mongia, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, na san shi ya ɗauke ki. Shi wa ya ɗauke shi?"

Wai Asabar za su yi rawa don tunawa da kai. Zan je, amma ba rawa za ta kai ni ba. Jarkarka tana wurina, motata kuma za ta tsaya tana fuskantar titi, ko da wani zai faɗi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sa ɗaukar da ka yi mini ta ɗauke ka ranar hisabi. Allah Ya ba Inna Mongia da ƙannenka haƙurin wannan rashi. Amin.