Jan Fentin Kawu Ɗanjuma

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada maganar nan ta faɗa kunnen da bai kamata ba. Amma abin ya fi ƙarfina.

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma na Tirwun ya san ba ya ganin tsohon gilashin mota ya wuce shi. Da gilasan nan ya ƙara wa kicin ɗin matarsa, Inna Laraba, faɗi ta wajen titi. Sama gilashi, gefe gilashi, wai ta sami haske, shi kuma ya reni tumatir. Ranar farko Inna ta fito gumi sharkaf.

"Malam, ni ake dafawa ko tuwon?"

"Ki gode Allah, itace ya huta!"

Ni kam na lura ginin ya kusa hawa kan magudanar ruwa. Na ce, "Kawu, ka karɓo takardar izini kuwa?"

"Kai Sale, sarkin tsoro! Abin da kana waje kana ganin cikinsa, shi ne gini?"

Ana nan sai ma'aikatan tsara gari suka shigo unguwa, suna shafa jan fenti a jikin duk ginin da za a rushe. Na ruga na gaya masa.  Ya sayo fenti, ya zana alama irin tasu a gindin bangon da hannunsa.

"Innalillahi! Kawu, me ka yi?"

"Akuyar da aka riga aka yanka, wa zai sake sa mata wuƙa?"

Wallahi da suka iso, babbansu ya duba ya ce, "An riga an yi nan," suka wuce ba su sa ginin a takardar waɗanda za a rushe ba. Kawu har ruwa ya ba su!

Bara ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya ba shi gidan da ba mai rushewa.

To, makon jiya muka ga sabuwar alama kusa da tasa. Maƙwabta sun ce yara ne. Ban yarda ba. Inna ta tsufa, ba ta da wani wurin girki, kuma ta rantse sai dai a rushe da ita a ciki. Ko keke ya tsaya a ƙofa sai na ruga na leƙa.

Don Allah wanda ya san yadda ake neman izinin ginin da aka riga aka yi, ba tare da an tona maganar fentin farko ba, ya taimaka ya gaya mini.