Malamar da ke Tauye Canji

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Canji ta riga ta share lungun ajinta, ta jera kwalayen ashana da na sabulu a kan benci, duk babu komai a ciki. Sai ta zazzage sulallan roba daga tsohon gwangwanin madara: ja mai biyar, shuɗi mai goma, fari mai ashirin. Wasu sun koɗe, wasu da shatin haƙoran yara. Shekara talatin da biyu tana buɗe wa 'yan aji ɗaya wannan kanti, sai makon jiya ta yi ritaya.

Ni dai ban taɓa ganin mai kanti mai ha'inci irinta ba, ban kuma taɓa ganin wadda iyaye ke so kamarta ba. Da gangan take tauye canji. Yaro ya miƙa ashirin ya sayi sabulun goma, sai ta danƙa masa biyar tana murmushi, ta ce, "Na gaba!" Wanda ya tsaya ya ce bai cika ba, aji ya tafa masa. A wurinta ƙirge ba wuya, buɗe baki ne aiki.

Bana ta gamu da gamonta, wata yarinya da ake kira Kurciya saboda shirunta. Lissafi kam a kanta yake, amma in an tauye ta sai ta dubi tafin hannunta, ta sunkuyar da kai, ta koma wurin zama. Kakarta, wadda ganinta ya yi rauni, ta zo makaranta da damuwa, domin Kurciya ce 'yar aikenta, kuma kullum canji a gutsure yake dawowa.

"Malama, in na kwanta dama haka za a yi ta taka yarinyar nan?"

"Kwantar da hankalinki, Iya. Ba zan ajiye alli ba sai na ji muryarta."

Wata uku Malama tana tauye ta, Kurciya ko uffan. Abin ya dami Malama ƙwarai, ga ranar tafiya ta ƙarato. Ranar ƙarshe sai ta aika a kira kakar, ta sa ta a layi da farin sulai. Tsohuwa ta lalubi kwalin sabulu, Malama ta zura mata ja guda ɗaya a hannu.

"Malama!" Kurciya ce tsaye. "Na Kaka bai cika ba. Saura biyar!"

"Ke, kin tabbata?"

"Na tabbata! Ni ma kin rage min sau goma sha huɗu!"

Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ɗaga yarinyar sama, yara suka dinga buga benci.

Ke ce uwar aji ɗaya, Malama. Ke kika gane wanda ba ya iya magana don kansa zai yi don wanda yake ƙauna. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma malamai da iyaye, sulallan roba ba su da tsada, haƙurin ne sai an nema. Ku nema. Jiya na ga kakar a bakin shago tana jingine da sandarta, hankali kwance, Kurciya kuwa ta kafe a gaban mai shagon tana cewa, "Baba, sake ƙirgawa."