Allin Odiel

Shekara arba'in da ɗaya Odiel Maes yana ɗanɗana baƙar giyar da ake dafawa a gidansu, a wani ƙauyen Beljiyam. Giya sai ta yi mako shida a kwalba kafin a kawo masa. In ya zana alli a jikin akwati, ta tafi kasuwa. In bai zana ba kuwa, ko limamin coci ne ke jira, sai haƙuri.

Tsoho ne mai tsirfa. Ranar ɗanɗano ba ya shan kofi, kuma kada ka kuskura ka kawo masa kwalba da sanyin firji. Yakan karkata gilashi ya tsiyaya a hankali, ya bar yis a gindin kwalba, sannan ya cusa wannan dogon hanci nasa ya lumshe ido.

To, bana wata muguwar mura ta kwantar da shi, da ta tashi tafiya ta tafi da hancin. Bai gaya wa kowa ba. Ga shi a lokacin ne 'yarsa Lieve ta yi dahuwarta ta farko ita kaɗai.

Ranar da ta kawo kwalbar, Odiel ya tsiyaya, ya shinshina, ya kurɓa. Wayam. Tsoro ya kama shi, don alli na hannunsa, ba ya kuma son ya yi ƙarya da shi.

"Baba, ya ka ji ta?"

"Kumfar ta tsaya da kyau."

"Kumfa na tambaye ka? Haba Baba! Wata guda kana shan ƙonanniyar miyar Mama kana santi. Ka ɗauka ban lura ba?"

Kunya ta rufe shi. Amma son ya san abin da ke cikin gilashin nan ya fi ƙarfin kunyar, sai ya tura mata.

"To, uwar iya. Sa naki hancin. Me kika ji?"

"Zabibi. Ɓawon burodi. Ƙonannen sukari."

"Wannan ko ɗan yawon buɗe ido zai faɗa. Can ƙasa fa?"

Ta sake shinshinawa, ta daɗe. "Ayaba."

"Wace iri? Ɗanya ko nunanniya?"

"Wadda ta nuna har ta yi baƙi."

Odiel ya gyara zama, ido na ƙyalli. "Kwana na biyu kin bar gangar giyar ta yi zafi fiye da kima, ko?"

Lieve ta sunkuyar da kai. Haka aka yi.

Ya juya allin a tafin hannu, sannan ya miƙa mata. Ta tsaya tana kallon akwatuna tamanin, wahalarta ta wata biyu, ga mai motar da zai kai su kasuwa zai zo da safe. Ba wanda zai hana ta zanawa.

Ta jefa allin a aljihu, ko akwati ɗaya ba ta zana ba.

Odiel ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki gilashin ya sake shinshinawa, ko da dai ya san ba abin da zai ji.