Ƙanena Sanusi ba infoma ba ne

Shekara huɗu ke nan da kashe ƙanena Sanusi, amma har yau a ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum akwai masu kiran 'yarsa Hafsatu ɗiyar infoma, wato ɗiyar mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Bana ta shiga firamare, ta dawo gida tana tambayar Innarmu ma'anar kalmar. Wallahi na gaji da haɗiye wannan magana.

Sanusi ɗan kabu-kabu ne. 'Yan bindiga suka tare shi a hanyar Anka, suka shige daji da shi. A gabansa suka yanka wani dattijo da aka ɗaure su da sarƙa ɗaya, suka bar masa gawar a ƙafa har ta fara wari. Da aka sako shi, gangar jikin ce kawai ta dawo. In ya ji ƙarar babur sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana makyarkyata, shi da ya girma a kan babur. Inna ta karɓo rubutu, malamai sun yi addu'a, Allah ya saka musu. Amma abin da ya gani yana nan daram a ƙirjinsa, ba wanda zai gaya wa. A wajenmu namiji ya ce tsoro yake ji? Tabɗi! Sai ya zama abin hira a majalisa.

Ni na haɗa shi da wata likitar damuwa mai sauraron mutane ta intanet. A Gummi, inda nake koyarwa, na samu lambarta, kuma ban yi nadama ba ko kaɗan. Ya fara cin abinci, ya fara barci, har ya fito da babur ɗinsa ya wanke. Sai dai sabis ba ya kamawa a ƙauyen sai a kan tudun da ke bayan tsofaffin ramukan zinare. Can yake hawa bayan la'asar shi kaɗai, ya yi maganarsa, ya yi kukansa, ya share fuska ya sauko.

Ana haka aka kawo hari, aka kashe manoma a gonakinsu. Ba a gama binne su ba aka fara tsegumi: wane ne ya dawo daga daji da ransa, kullum yana kan tudu da waya? Inna ta ce a gabanta matasa masu gadin gari suka jawo shi daga ɗaki. Jagoransu Ɗanjuma ne, abokinsa tun suna yara.

"Wa kaka kira bisa tudu?" in ji Ɗanjuma.

"Ba ni hwaɗi gaban jama'a. Mu koma gehe in gaya maka."

Ba su koma gefe ba. Wayar da za ta wanke shi suka fara farfasawa da dutse, sannan suka rufe shi da gora da adda. Inna ta faɗa kansa, suka karya mata hannu suka janye ta. Kafin in iso daga Gummi an binne shi. Na yi ta faɗin gaskiya har muryata ta dishe, aka ce ai yayarsa ce, me za ta ce.

Yau mutane da yawa a yankinmu suna kiran likitocin damuwa a waya, wasu ma ba sa ɓoyewa. Da Sanusi zai leƙo, na san shi da tsiya, cewa zai yi, "Yaya, ashe ni na share musu hanya."

A daminar da ta wuce Ɗanjuma ya zo Gummi, ya rame kamar sanda, ya durƙusa a ƙofar gidana. Ya ce ya daina barci, in ya rufe ido Sanusi yake gani. Ya ce, "Malama, lambar likitar nan nika so." Ashe ya yarda da maganata tuntuni! Duk da haushin da nake ji na ba shi, don na san da Sanusi ne zai ba shi. Na roƙe shi abu ɗaya, ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya wanke sunan abokinsa. Har yau bai yi ba. Yanzu shi ke hawa tudun bayan la'asar, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa wa yake kira.

Abin da ya rage mana na Sanusi shi ne babur a zaure, da hannun Inna da bai miƙe ba, da Hafsatu. Allah ya jiƙansa. Ke kuma Hafsatu, ranar da kika iya karatu, ga amsar da Inna ta kasa ba ki: ubanki bai sayar da kowa ba. Tsoro ya ji, ya tafi neman magani.