Trofim, Direban da Ke Ɗaura wa Takalmi Bel

Kullum kafin hayaƙin gidajen Sosnobka ya miƙe, Trofim Lukich ya riga ya fito da butar ruwan zafi yana lallashin tsohuwar a-kori-kurarsa. Ya share mata dusar ƙanƙara, ya shafa mata goshi, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Matarsa Zinaida ta ce shekara talatin da takwas ke nan, ita ba ta taɓa samun irin wannan muryar daga bakinsa ba. A wannan makon zai ajiye makulli, idanu sun fara gardama. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana iya jin kunya.

Itace ya ɗauko mana, dankali ya kai kasuwa, masu naƙuda ya kai asibiti. Amma ba a nan ya yi suna ba. Kowa ya san in za a tashi daga gida, ba a barin Kakan Gida, wannan ɗan tsohon da ba a gani, mai zama bayan murhu yana gadin iyali. A ajiye masa tsohon takalmin sanyi da burodi da gishiri, a roƙe shi ya shiga, a tafi da shi. Direbobin birni sai su cusa takalmin tsakanin tukwane. Trofim kuwa kujerar gaba yake ba shi, ya ɗaura masa bel. Matar shugaban ƙauye da kanta, da sabuwar rigarta, bayan mota ta zauna kan katifa ran da suka tashi. Har yau in ya gaishe ta, da hanci take amsawa.

An taɓa tambayarsa ko ya yarda akwai wani a cikin takalmin. Ya ce, "Ni direba ne. Wanda aka ce in ɗauka, shi nake ɗauka."

To, sai shekarar da kogi ya yi fushi. Mun gama makon fanke, mun ƙona 'yar tsanar ciyawa mun sallami hunturu, ƙanƙarar kogi ta fashe, ruwa ya soma cin gaɓa. Gidan Gwaggo Agafiya, gwauruwa mai shekara tamanin da ɗoriya, saura taku huɗu ya bi ruwa. An ba ta ɗaki a sababbin gidajen kan tudu, ta ce ba inda za ta. Kwana uku takalmi na gaban murhu, Kakan Gida bai taɓa burodin ba. Bai yarda ba ke nan, ita kuma ba ta barin wanda ya yi shekara sittin yana tsaron mata gida.

Shugaban ƙauye ya je ya yi faɗa. Likita ta je ta yi bayani. Ɗanta ya bugo waya daga birni, ta kife wayar a kwandon albasa.

Da hantsi Trofim ya iso, ya cire hula a bakin ƙofa, ya zauna aka zuba masa shayi. Ana jin ƙasa tana zubewa cikin ruwa a bayan bango.

"In kai ma wa'azi ka kawo, ɗan nan, sha ka tashi," in ji ta.

"Ni da ko addu'ar cin abinci sai Zinaida ta tuna min? Tambaya ɗaya gare ni, Gwaggo. Sabon ɗakin, da me ake girki?"

"Wani farin akwati mai gas."

"Murhu fa?"

"Babu."

"To, Gwaggo, ke a kai ki inda ba gado, za ki shiga takalmi?"

Ta juya ta dubi murhun. Ya tashi ya ɗauko guduma a mota, ya durƙusa bayan murhu, ya ciro bulo shida da sauran ɗuminsu, ya naɗe su cikin rigar sanyinsa. Sannan ya rusuna wa murhun.

"Kaka, ka yi haƙuri da ƙurar. Ga ɗakinka nan za mu tafi da shi. Kujerar gaba taka ce." Ya juyo. "Gwaggo, ba ya son a zuba masa ido. Je ki kamo kyanwarki."

Da ta dawo da kyanwa a hammata, an gutsuri burodin.

Nan fa ake da magana biyu. Agafiya ta ce haƙoran ƙanana ne, ba na mutum ba. Maƙwabciyarta Fekla, wadda ta leƙa ta taga don taimako kawai, ta rantse ta ga ɓurɓushi a gashin bakin Trofim. Ita Fekla dai tabaraunta na gida a ranar, sai kowa ya auna.

Ya tuƙa su a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, tsohuwa a tsakiya, takalmi a gefen taga. A bakin gada ya tsaya ya ce, "Kaka, za mu haye ruwa, riƙe da kyau." Aka saki kyanwa ta fara shiga sabon ɗaki kamar yadda al'ada take, sannan ya jera bulon nan a lungu. Jibin ranar, da rana tsaka, gidan Agafiya ya kwanta cikin kogi da rufinsa da komai.

Kai ne, Trofim Lukich, ka zauna ka sha shayi a gidan da kowa ke shiga da tsawa. Kai ne ka tambayi abin da tsohuwa take tsoro kafin ka ce mata ta tashi. Direban na sarari da na ɓoye, mun gode. Samarin da suka karɓi hanya, masu gudu kamar an biyo su, ku koya: in kun zo kwashe gida, ku fara cire hula, ku tambayi abin da ba a son bari.

Ran Asabar shi da Zinaida za su koma wurin 'yarsu, a bene hawa na bakwai, inda ba murhu. Jiya Agafiya, da sandarta da shekara casa'in da ɗaya, ta gangaro daga tudu da bulo ɗaya a cikin gyale, ta dire masa a tebur.

"Biyar sun ishi nawa Kakan," ta ce. "Ka ajiye takalmi da burodi. Amma kai za ka fita kamo kyanwa, ni zan zauna gadi. Haƙori biyu suka rage min, sai dai a yi haƙuri da gutsurin."