Ƙafar da na ce ta gaji ta babana

Shekarun baya kaɗan, ina kan keken ɗinkina a kasuwar Sabon Gari, almakashi ya suɓuce mini, bakina ya karkace. Kafin a kai ni asibiti ɓarin hagu ya shanye.

Ciwon da ya kwantar da babana ke nan har ya rasu, haka ma wansa. Duk wanda ya zo dubiya gidanmu a Samaru sai ya girgiza kai ya ce, "Irin na marigayi ne sak." Ni ma na yarda. Na ce wa maiɗakina a daina wahalar kai ni wurin masu gashin ƙashi a asibiti, mu jininmu in ya faɗi ba ya tashi.

Na faɗa wa likita haka. Ta ce lallai gado yana da hannu, ana ma bincike ko jinin mutum zai nuna yadda zai murmure, amma ita ba ta da awon da zai ce ba zan tashi ba. Na ce a raina, lallashi ne.

Mahaifiyata ce ta yi maganina. Ta shigo ta tarar ana ba ni koko a baki, ta karɓe kofin ta dire a ƙasa.

"Tela, ɗauka ka sha."

"Inna, kin fa ga yadda Baba ya ƙare."

"Ni za ka ba labarin ubanka? Mu muka kwantar da shi! Wai girma. Ko buta ya miƙa wa hannu sai mutum uku su ruga. Wa ya taɓa barinsa ya gwada?"

Ta sa aka ɗauko keken daga kasuwa aka ajiye a ɗakina. Kullum ita ke ɗora mini ƙafar a kan feda, ga maiɗakina tana dariya a bakin ƙofa. Ƙato da gemu, uwa na yi masa tsawa. Gashin ma na koma dole. Na daɗe ina taka keke ba zare, kafin ranar da na haɗa wandon makarantar autana, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Har yau ina jan ƙafar, hannun ma bai dawo duka ba, amma ina ɗinki. Ban san abin da ke cikin jininmu ba. Ƙannena dai na tisa su gaba suna awon hawan jini, kuma na gaya musu: duk wanda ya faɗi a cikinku, kada ya sa ran zan tausaya masa.